Ra'ayinmu: Faifai a Hannunka, Mabuɗi a Hannun Wani

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati amma ba ku daina neman wannan mujalla ba, mun san waɗansunku za su yi tsaki in suka ga yau an ba da wannan fili ga zancen wasan tseren motoci na kwamfuta. Za su ce, duk abubuwan da ke damun mai neman ilmi a wannan zamani, Edita bai ga abin magana ba sai wasan yara? To, mun ji. Amma a yi mana uzuri a bi mu sannu, domin wani ɗan abu da ya auku a ɗakin kwanan ɗalibai ya tayar mana da tambayar da ta wuce wasa, watau in mutum ya sa kuɗinsa ya sayi abu, har zuwa yaushe ne abin yake nasa?

Ga yadda aka yi. Da aka komo daga hutun da ya wuce, wani ɗalibi mai karatun injiniya ya zo da wani tsohon faifai da ya tsinta cikin akwatin wansa. Faifan wasan nan ne da ake kira Need for Speed: Most Wanted, na shekarar 2005, kuma na asali ne, da kwalinsa da ɗan littafinsa da lambar shaidarsa, domin wan nasa da kuɗinsa ya saye shi a kanti lokacin da yake karatu a Ingila. Labari ya bazu, ɗaki ya cika. Da farko aka tarar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ba ta da ma aljihun sa faifai, gama masu ƙera kwamfuta sun daɗe da daina yin wannan aljihu. Sai da aka zaga ɗaki uku kafin a sami aron na'urar karanta faifai mai igiya. Aka sa, aka loda, aka shigar da lamba, kome ya tafi daidai. Aka danna alamar wasan. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Aka sake dannawa har sau biyar, ko motsi bai yi ba.

Faifan lafiyarsa lau, kwamfutar kuma ta fi ta zamaninsa ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da ya hana shi tashi wani kwaɗo ne da aka garƙama masa tun daga masana'anta. A waɗancan shekaru kamfanoni suna fama da masu kwafar faifai, saboda haka suka riƙa sa wa kayansu wata dabara mai suna SafeDisc, ta kamfanin Macrovision. Aikinta shi ne, duk sa'ad da za a fara wasa, ta duba ko faifan asali ne ke cikin kwamfuta. Don ta iya yin wannan bincike kuwa sai ta dasa wani ɗan sashe nata can cikin ƙuryar manhajar Windows, inda ba kowa ake bari ya shiga ba. Daga baya aka gano cewa ƙofar da ta buɗe, miyagu ma suna iya bi ta cikinta. Da kamfanin Microsoft ya fito da Windows 10 a 2015 sai ya ƙi karɓar wannan dabara sam, a watan Satumba na shekarar kuma ya aika da gyaran da ya kashe ta a tsofaffin Windows irin su Vista da 7 da 8. Ba mu ga laifin Microsoft a nan ba, mai gida ne ya toshe kafar ɓarawo. Sai dai sakamakon shi ne, kwaɗo yana nan a jikin faifai, mabuɗin kuwa an jefa shi rijiya.

Ana cikin wannan jugum sai wani maƙwabci ya shigo da ɗan filashinsa, a ciki akwai kwafin wasan da aka ɓalle wa kwaɗo, wanda bai biya ko sisi a kansa ba. Cikin minti biyar injin mota ya fara ruri a ɗakin. Aka yi shewa. Mu dai da muke tsaye a baya ba mu yi shewa ba, don abin da muka gani shi ne wanda ya saya da halaliyarsa ya tashi a tutar babu, wanda ya kwafa kuwa ya ci ribar zamani. Kwaɗon da aka ƙera don a hana ɓarawo bai taɓa hana shi ba ko a 2005, yau kuma mai gaskiya kaɗai yake hanawa.

Kafin mu ci gaba, bari mu gabatar da wasan ga waɗanda ba su san shi ba. Kamfanin Electronic Arts na Amurka ne mai shi, ma'aikatarsa ta Black Box da ke birnin Vancouver na ƙasar Kanada ce ta tsara shi, ya fito a watan Nuwamba na 2005. Jerin wasannin Need for Speed ya faro tun 1994, amma ya sake kama a 2003 da wanda ake kira Underground, bayan fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ya sa samarin duniya sha'awar ƙananan motocin da aka yi wa kwaskwarima ana tsere da su cikin gari da dare. Most Wanted ya ɗauki wannan tsere ya fito da shi tsakar rana, sa'an nan ya haɗa shi da 'yan sanda. Labarin ba wani mai zurfi ba ne. Kai baƙo ne ka shigo wani ƙagaggen birni mai suna Rockport da motarka BMW M3 GTR mai launin azurfa da ratsin shuɗi. Wani tantiri da ake wa laƙabi da Razor ya yi wa motar maƙarƙashiya kafin tsere, ta tsiyaye mai a hanya, ya ci ka, ya karɓe ta. Sai ka koma ƙasa ka sayi 'yar ƙaramar mota irin Fiat Punto, ka riƙa hawa jerin gwanaye 15 ɗaya bayan ɗaya, daga Sonny na 15 har ka kai ga Razor na ɗaya, ka ƙwato abinka. An ce an sayar da kwafi kimanin miliyan 16, ban da waɗanda aka kwafa, waɗanda ba mai iya ƙirga su.

Mu faɗi gaskiya, galibinmu a cikin waɗannan na ƙarshe muke. Wanda ya taso a garuruwanmu a shekarun da PlayStation 2 ke tashe ya san gidan gem, da bencinsa, da janaretonsa, da yaran da ke tsaye bayan masu kuɗi suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Faifayen da ke waɗannan gidaje ba a Ingila aka sayo su ba. Saboda haka ba wa'azi muka zo yi wa kowa ba.

Masu nazarin wannan fanni sun raba wasannin tsere gida biyu. Akwai masu kwaikwayon tuƙi na haƙiƙa, irin Gran Turismo da ya fito a 1997, inda in ka shiga kwana ba ka taka birki ba sai ka kwana a daji. Akwai kuma waɗanda suka gaji akwatunan wasa na da, waɗanda ake jefa wa tsaba a yi minti uku a tashi, inda ba a damu da gaskiyar nauyin mota ba, daɗin gudu kawai ake nema. Kakan wannan gida shi ne Out Run, wanda Yu Suzuki ya tsara wa kamfanin Sega na Japan a 1986, da jar motarsa mai siffar Ferrari Testarossa, da rediyon da kake zaɓar kiɗa kafin ka tashi, da hanyar da ke rabuwa biyu a ƙarshen kowane zango har ta kai ka ɗaya daga cikin masauki biyar. Most Wanted jikan wannan ne. Mota na gudun kilomita 300 a sa'a, ta daki motar ɗaukar kaya, ta karkaɗe jiki ta ci gaba.

To, bayan kimanin shekara 20, da muka zauna muka sake riƙe hannun gem, me muka tarar? Sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, saboda haka muka yi ƙoƙari kada begen ƙuruciya ya rufe mana ido. Akwai abubuwan da suka tsufa ƙwarai. Wasan kwaikwayon da ake nunawa tsakanin tsere da tsere, inda aka ɗauki mutane na gaske aka shafe su da wani irin haske, yau dariya yake ba mutum, ga cika baki ga zare ido. Launin rawaya da aka rina dukan birnin da shi yana gajiyar da ido. Ga kuma wata rashin adalci da muka manta da ita, watau kome nisan da ka ba abokin karawarka, kwamfuta na ƙara masa gudu a ɓoye har ya kamo ka dab da ƙarshe, abin da ya sa Earl, na 9 a jerin, ya zama sanadin fasa hannun gem da yawa a duniya. Daga tsakiyar wasan zuwa sama kuma aikin yakan koma maimaici, a yi ta tara maki don a ba ka izinin fuskantar na gaba.

Amma 'yan sandan nan, jama'a, har yau ba mu ga wanda ya kama ƙafarsu ba. Da fari mota ɗaya ce ke bin ka da jiniya, kana yi mata dariya. In ka daɗe kana ɓarna sai matsayin laifinka ya hau, a turo motoci marasa alama, a kafa shinge, a shimfiɗa ƙusoshi a kan titi, a aiko manyan motoci su tare ka gaba da gaba, jirgi mai saukar ungulu na bisa kanka, daga ƙarshe a sako motocin Corvette na rundunar Saje Cross. Duk wannan kana jin su a rediyo suna kwatanta launin motarka da unguwar da ka nufa, suna shirya maka tarko, wanda ya iya sauraro kuwa yakan tsira. Kana iya rusa rumfar gidan mai ko hasumiyar tankin ruwa ta faɗo a kansu, sa'an nan ka nemi lungu ka laɓe har ƙura ta lafa. In aka kama ka, ga tara, ga tabo a takardar motar, in tabon ya cika a ƙwace ta. Abin da ya sa zuciya ke bugawa ke nan, domin minti 20 na wahala na iya tafiya a banza saboda ƙusa ɗaya. A ɗakin nan mun ga ɗalibin da ke shirin kare kundin digirinsa ya miƙe tsaye yana ihu don jirgin ya juya ya tafi shan mai.

Wani abin da ba mu zata ba shi ne wasan ya zama kamar hoton zamaninsa. Saƙonnin da ake aiko maka a ciki suna ɗauke da tambarin kamfanin waya na Cingular, sunan da aka shafe a 2007 da ya koma AT&T. Cikin motocin akwai Pontiac GTO, alhali kuwa an daina ƙera Pontiac gaba ɗaya a 2010. Ita kanta ma'aikatar Black Box an rufe ta a 2013. Wanda ke son sanin abin da saurayin 2005 yake sha'awa, da irin kiɗan da yake ji, da yadda 'yan kasuwa ke tallata masa kaya, zai koyi abu a nan wanda ba ya cikin littafi. Har ila yau, kome na wasan yana cikin faifan. Ba ya neman intanet kafin ya tashi, ba ya ce ka sayi taya da kuɗin gaske. A kwatanta da Need for Speed na 2015, wanda ba ya tashi sam sai da intanet ko da kai kaɗai za ka yi wasanka.

Wani zai ce, to ai sai a je a sayi sabon kwafi na halal. A ina? In ka duba kantin Electronic Arts na intanet ko na Steam za ka ga Most Wanted, amma na 2012 ne, wanda ma'aikatar Criterion ta Ingila ta yi, suna ne kawai ya haɗa su. Na 2005 ba ya nan. Irin waɗannan wasanni a kan aro aka gina su. Motoci sama da 30 da ke ciki kowace da kamfanin da ya ba da izinin sa sunanta da siffarta, haka kowace waƙa, izinin kuwa na 'yan shekaru ne. Kayan aro ba ya rufe katara. A 2010 da 2011 aka janye OutRun Online Arcade daga kasuwa saboda yarjejeniyar Sega da Ferrari ta ƙare, shi kuwa Out Run na 1986 da aka sake fitar da shi a na'urorin baya sai da aka sauya wa motar fasali. Forza Horizon 4, wanda ya fito a 2018, an daina sayar da shi ranar 15 ga Disamba 2024, masu shi kuma suka faɗa da bakinsu cewa maganar lasisi ce. A ƙarshen watan Mayu na 2021 Electronic Arts ya kwashe wasannin Need for Speed guda biyar daga kantuna a rana ɗaya, watau Carbon da Undercover da Shift da Shift 2 da The Run.

Duk da haka mai faifan Most Wanted yana da sauran sa'a, don abinsa na hannunsa, ko da a kulle. Abin da ya sami masu The Crew ya fi wannan muni. Wasan tsere ne na kamfanin Ubisoft na Faransa, ya fito a 2014, ba ya aiki sai ya gaisa da manyan na'urorin kamfanin ta intanet. A watan Disamba na 2023 aka daina sayar da shi, a ƙarshen Maris na 2024 aka kashe na'urorin, daga ranar kuwa duk wanda ya saya, ko a faifai ko ta intanet, ya zama ba shi da kome. Wannan ne ya sa wani Ba'amurke mai suna Ross Scott ya kafa gangamin Stop Killing Games, wanda a 2025 ya tara sa hannun mutum fiye da miliyan ɗaya a ƙasashen Tarayyar Turai, suna neman a hana kamfanoni kashe abin da suka riga suka sayar. Jihar Kaliforniya ta Amurka ma ta yi doka a 2024 cewa kantin da ke ba da izinin amfani kawai ya faɗa wa mai saye haka a fili, kada ya bar shi da zaton ya mallaka.

Girman asarar ya fito a wani bincike da cibiyar Video Game History Foundation ta buga a 2023, inda ta gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. An taɓa yin irin wannan sakaci da finafinan farko marasa magana, ana ganin abin shagala ne kawai, sai a 2013 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya ba da rahoton cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na manyansu sun ɓace ɗungum. Duk da wannan darasi, a watan Oktoba na 2024 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi amincewa laburarori su riƙa ba masu bincike damar duba tsofaffin wasanni daga nesa.

Su wane ne ke riƙe da abin, in ba kamfani ba, ba hukuma ba? 'Yan sa kai ne. Bayan wasan ya tashi a ɗakin nan, hoton ya fito a miƙe kamar an ja roba, domin an tsara shi ne don allon da ya kusa zama murabba'i, na yanzu kuwa mai faɗi ne. Wani ɗan gyara da masu sha'awa suka rubuta suka raba kyauta shi ya daidaita shi. Irin waɗannan mutane ne suka gina PCSX2, manhajar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi PlayStation 2. Wani mutumin Italiya, Nicola Salmoria, ya fara MAME a 1997 don adana wasannin akwatunan tsaba, yau dubbai ne a cikinta. Wani kuma mai suna Chris White ya zauna ya warware Out Run na 1986 layi bayan layi ya sake rubuta injinsa, ya kira shi Cannonball. Ba wanda ya biya su. Kantin GOG na ƙasar Poland kuma, tun 2008, ya nuna cewa ana iya gyara tsohon wasa a sayar da shi ba kwaɗo, a kuma ci riba.

Ga matsayinmu. Ba mu goyon bayan sata. Masu rubuta manhaja ma'aikata ne, da yawa cikin masu karanta wannan shafi ma da wannan sana'a suke fatan ci da kansu gobe, ba kuwa za su so a kwashe guminsu a banza ba. Mun kuma yarda sabunta lasisi kuɗi ne, riƙe na'urori kuɗi ne, ba za a tilasta wa ɗan kasuwa ya yi ta asara har abada ba. Amma kamfanin da ya daina sayar da abu, ya ƙi gyara shi, sa'an nan ya hana wanda ya saya ya gyara, ya hana laburare ya adana, wannan ya bar kare haƙƙi ya shiga a-fasa-kowa-ya-rasa. Abin da ya kamata kaɗan ne: ranar da ka janye kaya daga kasuwa, ka cire kwaɗon, ka bar wa waɗanda suka biya hanyar amfani da abinsu. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta hana ɓalle irin waɗannan kwaɗuna, ta kuma yi wa laburarori da gidajen adana tarihi tanadi na musamman. Muna kira ga 'yan'uwanmu masu karatun shari'a su ɗauki wannan a matsayin batun bincike, su gaya mana inda mai faifai irin na abokinmu ya tsaya.

Ku kuma yayyenmu ma'aikata, wannan magana ta fi shafarku. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yau ana kwashe fayilolin ofis daga kabad ana zuba su cikin kwamfuta, takardun filaye, da na albashi, da na fansho, da sakamakon jarrabawa. Wata rana ɗayanku ne zai zauna ya duba takardar kwangilar manhajar da za a zuba su a ciki. Ya tambaya, in kamfanin nan ya rushe, ko ya daina kula da kayansa, ko muka kasa biyan kuɗin shekara, za mu iya buɗe bayananmu? A wane irin tsari aka ajiye su, wanda kowace manhaja ke karantawa ko wanda su kaɗai suka sani? Fayil ɗin takarda na 1960 ko gara ta ci gefensa ana iya karanta saura. Wanda aka kulle da kwaɗon kamfanin da ya mutu kuwa ko harafi ɗaya ba ya bayarwa. In wasan da aka sayar da miliyoyinsa, mai masoya a kowace nahiya, ya kasa tashi bayan shekara 10 kacal, wa zai rubuta wa rajistar ƙaramar hukuma gyara kyauta?

A gida ma muna da namu. Finafinan Hausa na farko, tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, a kaset ɗin bidiyo aka fitar da su. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon irin wannan kaset, ya daina a 2016. Kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura irin namu. Duk mai irin waɗannan a gida ya san abin da ke hannunsa.

Sai gargaɗi biyu ga 'yan'uwa ɗalibai. Na farko, shafukan da ke raba wasannin da aka ɓalle wa kwaɗo ba don Allah suke yi duka ba, sau da yawa akan cusa ƙwayar cutar kwamfuta a ciki, mai satar lambobin sirri ko mai kulle fayiloli. Kwamfutar da kundin digirinka ke ciki ba wurin gwaji ba ce, in kuwa ka ƙi ji, to ka ajiye kwafin aikinka a wuri biyu tukuna. Na biyu, kada wani ya karanta yabon da muka yi wa tseren Rockport ya ɗauka mun yaba wa samarin da ke wasan mota a titi ranar ɗaurin aure. A Rockport ba kowa a bakin hanya, masu tsara wasan ba su sa mai tafiya a ƙasa ko ɗaya ba. A titinmu akwai mai talla da ɗan makaranta.

Saura labarin faifan. Abokin namu bai haƙura ba, ya ce shi sai ya ga nasa na asali ya yi aiki. Bayan kwana biyu wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ya kai shi wani sito inda aka jibge tsofaffin kwamfutoci, suka zaro ɗaya mai Windows XP, suka kakkaɓe ta, suka jona mata wuta ba tare da intanet ba. Aka sa faifai. Kwaɗo ya ga mabuɗinsa, wasa ya tashi kamar jiya aka buga shi. A jikin kwamfutar an rubuta lamba da alli, alamar tana cikin kayan da za a yi gwanjonsu. Muna roƙon Hukumar Jami'a, da Sashen Ilmin Kwamfuta, da Babban Laburare, kafin a kaɗa ƙararrawar gwanjon a ware uku ko huɗu masu lafiya daga cikinsu, tare da na'urar karanta faifai da ta kaset in akwai, a ba su ɗan ɗaki da mai kula da su. Wannan mujalla za ta karɓi sunayen ɗaliban da ke son ba da sa'a biyu a mako don wannan aiki, a ofishinmu, daga ranar Litinin.